Filin Da Ba A Gina Ba, Na Wane Ne?

Rannan muna cikin aji, muna koyar da labarin ƙasa, muka zana taswirar birnin Kano a allo, muka bar waɗansu wurare ba mu sa musu kome ba. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, nan inda babu kome, na wane ne?" Muka ce masa ai fili ne. Ya ce, "To, me ya hana a gina shi?" 'Yan'uwansa suka fashe da dariya. Mu dai ba mu yi ba, gama tambayar nan ta fi ƙarfin shekarunsa, har manya ma tana ba su wuya. Shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo ta nan, ku 'yan makaranta ku taya mu dubawa.

Bari mu fara da mutanen da. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa kuwa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya ƙara mata faɗi. Abin lura shi ne, ba a kan bakin gidaje suka tsai da ita ba. Sun kewaye Dala da Goron Dutse da gonaki da fadamu, suka sa su duk a ciki. Cikin 1824 wani Bature, Kyaftin Kilafaton, ya sauka Kano a kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Bello. A ƙiyasinsa kewayen ganuwa ya kai mil 15, mazauna birni kuwa tsakanin 30,000 da 40,000, amma gidajensu ba su ci fiye da rubu'in ƙasar da ke ciki ba. Saura duk gonaki ne da lambuna.

Ku dubi wahalar wannan aiki. Kowane taki na ganuwa, mutum ne ya haƙo ƙasa, ya kwaɓa, ya ɗauka a ka. Da sun so sauƙi, da sun taƙaita ta. Kada kuwa mu yi musu ƙarya, ba don shan iska suka bar filin ba, don yaƙi ne. In abokan gaba suka kewaye gari, mutanen ƙauye su shigo da dabbobinsu, a sami wurin kiwo da na shuka, yunwa ba ta buɗe ƙofar da mashi ya kasa buɗewa ba. Watau sun yi tanadi domin ranar da yawancinsu ba za su gani ba, sun san ba a fafe gora ran tafiya.

To, yau yaƙin ganuwa ya wuce, mutanen Kano sun zama miliyoyi, fili ya zama kuɗi. Mai son a gina shi yana da hujja, ba kuwa ƙarama ba ce. Zai ce, ga magidanci da 'ya'ya takwas a ɗaki biyu, ga saurayi ya gama koyon ɗinki ba shi da rumfa, ku kuwa kuna tsaron ciyawa saboda waɗansu jikoki da ko sunansu ba a raɗa ba. Mai rai da ke kuka yanzu, ashe bai fi wanda ba a haifa ba hakki? Wanda duk ya taɓa neman ɗakin haya a birni ba zai raina wannan magana ba. Mu ma mun nema, mun san zafinta.

Amma fa akwai abu biyu da mai wannan hujja ya tsallake. Na fari, gini da fili ba tafiyarsu ɗaya ba. Filin da aka bari bana, ana iya gina shi baɗi in bukata ta matsa. Wanda aka gina kuwa, sai da rigima da hasara ya ke komawa fili. Mun gani da idonmu cikin 2023, sa'ad da Gwamnatin Kano ta rushe kantunan da aka gina a Filin Idi na Ƙofar Mata. Ba mu shiga shari'ar wa ya yi daidai ba, wannan na alƙalai ne. Abin da muka gani shi ne, dukiya ta salwanta, 'yan kasuwa sun yi kuka, magana ta kai kotu, duk don a mai da wuri yadda ya ke da can kyauta.

Na biyu, a tambaya, wa ke cin moriyar filin gari? Attajiri yana da farfajiya da itatuwa a gidansa, 'ya'yansa ba su rasa wurin guje-guje ba. Ɗan talaka ne ba shi da wurin langa ko tamaula sai dandali, 'yarsa ba ta da wurin gaɗa sai nan, tsohonsa ba shi da inuwa sai gindin darbejiyar unguwa. In aka yanka filin aka sayar, ba magidancin nan mai 'ya'ya takwas ke saye ba, ba shi da kuɗin. An karɓe abin da ya ke da rabo a ciki, an kuwa yi da sunan taimakonsa.

Kududdufai ma haka. Ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu, da damina su tara ruwan unguwa. Ba mu yabe su gaba ɗaya ba, don suna haifar da sauro, yara na ɗaukar tsargiya a ciki, wani lokaci har su ci rai. Amma da aka bi su ana cikewa ana ɗora gidaje ba tare da an yi wa ruwa wata hanya ba, ruwan bai fasa zuwa ba, sai ya shiga ɗakunan mutane. Gyara suka bukata, aka ba su kabari.

Ba rashin tsari a takarda ke damunmu ba. An yi wa Kano tsarin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Dokar ƙasa ta 1978 kuma ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana, domin amfanin jama'a duka. Kalmar nan amana ita ce amsar da muka rasa ba yaron nan a aji. Mai riƙon amana ba mai abu ba ne, ba shi da ikon cinyewa don masu abin ba su zo ba tukuna. Wahalar kuwa ita ce, waɗanda ba a haifa ba ba su zuwa ofis da takardar koke, ba su jefa ƙuri'a, mai neman fuloti kuwa yana tsaye a bakin ƙofa da kuɗinsa a hannu. Sai an sami wanda zai yi magana a madadinsu, kuma cikinku ne za a sami masu auna ƙasa da masu sa hannu a takardun fili nan gaba kaɗan.

Saboda haka ga aikin da muka ba ajinmu, muna kuma roƙon sauran makarantu su gwada. Kowane yaro ya sami tsoho ko tsohuwa a unguwarsu, ya gai da su da ladabi, ya tambaye su ina dandali ya ke sa'ad da su ke yara, ina kududdufi, ina kukar da a ke hutawa, da abin da ke wurin yanzu. Ya rubuta sunayen, ya auna wanda ya rage da taki, ya kawo wa malaminsa ran Litinin.