Hula a Ka, Yatsa Babu Tawada

Garinmu yana gefen birnin Kano, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso. A da gonakin dawa da gero ne suka kewaye shi. Yau an yanka su filaye, mu da tsadar haya ta koro daga birni muka saya muka gina. Don haka mutane iri biyu ke zaune a cikinsa: 'yan asalin gari, da mu 'yan sabuwar unguwa, malaman makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwar Kwari, masu kwana a nan su wuni a can.

Idan ra'ayin siyasa ake nema, babu wanda ya kai mu. A majalisarmu ta bayan isha'i an san inda kowa ya karkata. Wannan ba ya rabuwa da jar hula ko a wurin jana'iza, wancan ba ya yarda a taɓa jam'iyya mai mulki. Na ga aminai biyu sun yi wata guda ba sa ga-maciji a kan Kwankwaso da Ganduje.

Sai ga Asabar, 25 ga Fabrairun 2023, ranar zaɓen shugaban ƙasa. Ban jefa ƙuri'a ba. Katina na mazaɓar da na taso ne a Gwale, an hana zirga-zirgar ababen hawa, ga kuma ƙarancin takardun naira. Hukumar zaɓe ta ba da damar sauya rumfa tun da wuri, ni ne ban nema ba. Da la'asar na zaga rumfar da ke firamaren cikin gari, na tarar da mata da dattawa, galibinsu 'yan asalin gari. Fuskokin majalisarmu kuwa ɗaiɗaiku ne. Daga baya aka bayyana cewa cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista a Nijeriya, kimanin kashi 27 cikin ɗari ne suka fito, adadi mafi ƙanƙanta tun komawa mulkin farar hula a 1999.

Tun daga ranar wata tambaya take damuna: ra'ayin da bai iya kai mai shi bakin akwati ba, ya cancanci a kira shi ra'ayi?

Akwai masu cewa ƙin fita ma magana ce, kuma ban raina hujjarsu ba. Wanda ya ga yadda aka ce zaɓen gwamnan Kano na 2019 bai kammalu ba, ya kuma ji abin da ya faru a mazaɓar Gama ranar da aka sake shi, yana da dalilin yanke ƙauna. Sai dai mai ƙirga ƙuri'a ba ya bambance shirun mai fushi da shirun mai barci. Kuma idan zan faɗi gaskiya, nawa shirun ba na fushi ba ne. Na haƙa rijiyar burtsatse, na ɗora sola, na kai yarana makarantar kuɗi. A hankali na fanshi kaina daga gwamnati, har siyasa ta zame mini abin hira, kamar ƙwallon Turai. Wanda ɗansa ke zaune a ƙasa cikin ajin firamare, matarsa ke haihuwa a asibitin sha-ka-tafi, shi ne ya shiga rana ya yi layi.

Wata dattijuwa mai kawo mana ƙuli-ƙuli, wadda muke kira Inna, ita ta ƙarasa tsiraita ni. Na ji an ce ta karɓi taliya a bakin rumfa, sai na tsokane ta na ce, "Inna, ashe kin sayar da shekara huɗu a kan taliya biyu?"

Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, taliya na karɓa, don da kuɗinmu aka saye ta. Inda na dangwala kuma tsakanina da Allah ne. Kai nuna mini yatsanka."

Ban nuna ba. Inna tana budurwa lokacin da matan Arewa ba su da ikon zaɓe, ikon da irin su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri a kansa tun zamanin NEPU, bai kuwa samu ba sai 1976. Ta ce mini a 1979 ta dangwala wa mukullin PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano, kuma tun daga nan ba ta taɓa fashi ba.

Ba wanke cinikin ƙuri'a nake yi ba. Laifi ne a doka, ƙazanta ne a ɗabi'a, kuma kason mai bayarwa ya fi na mai karɓa nauyi, domin shi ya mayar da yunwa jari. Amma laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na Inna. Lissafin a fili yake: idan masu fitowa suka ragu, ƙuri'un da ɗan takara ke buƙatar saye su ma sun ragu. Duk wanda ya ƙoshi ya zauna a gida ya karya farashin zaɓe. Ashe da ni aka yi cinikin da nake zagi, sai dai ni ko taliya ban samu ba, kyauta na bayar da tawa.

Ana gobe zaɓen gwamna na 18 ga Maris na tafi Gwale na kwana a gidanmu na gado. Da safe na yi layi, na'ura ta tantance ni, aka shafa mini tawada. Na zaɓi gwamna, na kuma zaɓi ɗan majalisar jiha na unguwar da na bari shekaru da dama. Kwatar da ke malala a ƙofar gidana kuwa tana mazaɓar Inna.