Kada Ki Tare A Gidan Da Aka Gina Kan Gadon Wata

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987, gari ya tsallake ganuwa. Gonakin da kakanninmu suka noma gero da dawa a bayan Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya, har zuwa hanyar Batagarawa, yau sun zama unguwanni. Gonar da a da ba a ko waiwayarta, yanzu fulotai ce masu tsada. To, nan fa Shaiɗan yake shiga tsakanin 'yan uwa.

Sau da yawa uba zai rasu ya bar gona, a ƙi rabawa. Sai babban wa ya yanki gefen titi ya sa harsashi, ƙani ya sayar da wani gefe, matan gida kuwa a ce musu, "Ai ku kuna ɗakunan mazajenku." Wannan ba Musulunci ba ne. A Suratun Nisa'i, aya ta 7, Allah ya yanka wa mata rabonsu kamar yadda ya yanka wa maza, ko dukiyar kaɗan ce ko mai yawa. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, za a rataya masa ƙassai bakwai a wuya. Taƙi ɗaya fa, ina ga fuloti?

Ga misali. Mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 2 da mata 3. Bayan an biya bashi an zartar da wasiyya, gonarsa ta ba da fuloti 16. Matar tana da sumuni, wato 2. Sauran 14 a kasa su 7: kowane namiji 4, kowace mace 2. Amma fulotin bakin titi ba ɗaya yake da na ƙurya ba, don haka sai an yi wa kowanne ƙima, a daidaita, sannan a jefa ƙuri'a. In wani ya sayar da kasonsa kafin a raba, a mazhabarmu ta Malikiyya abokan gadonsa suna da haƙƙin shufu'a, wato su biya kuɗin da aka saya su karɓi abinsu.

Ya ke 'yar uwa, in maigida ya ce zai gina miki gida a gonar gado, kafin ki yi guɗa ki tambaye shi cikin ladabi: "Malam, an raba? An ba su Yaya nasu?" Kada gajiya da zaman haya ta sa ki tura shi wuta. A wannan gida za ki yi salla, a nan za ki yi renon 'ya'yanki.

Ke kuma mai gado, neman haƙƙinki ba rashin kunya ba ne. In za ki yafe, a fara nuna miki naki, sannan ki bayar da daɗin rai. Abin da aka karɓa don kin ji nauyin yayanki bai zama kyauta ba.

A kira malamin da ya san gado ko a je kotun shari'a. A auna, a fitar da hanya, a kafa duwatsun iyaka gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta. Sannan kowa ya nemi takardar mallaka da sunansa, domin Dokar Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna. Rubutun yau shi zai hana jikoki shari'a gobe.

Allah ya tsare mu da cin haƙƙin wani, ya sa gidajenmu su zama na halal. Amin.