Amanar Manhaja Tsakanin Debian da 'Yan'uwanta

 

Ka sani, ya kai ɗalibi, cibiyar Linux da Linus Torvalds ya fitar a 1991 guda ɗaya ce, amma jama'o'in da suka yi gini a kanta suna da yawa. Babban abin da ya bambanta su shi ne hanyar da manhaja ke bi kafin ta sauka a kwamfutarka.

Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, tana aiki da dpkg da APT wajen girka manhaja. Ƙunshin manhaja yakan fara sauka a reshen Sid, ya zarce reshen gwaji, a yi ta tankaɗe da rairaya, kafin a shigar da shi tabbataccen bugu da ke fitowa kusan duk shekara biyu. Fedora kuwa, da rpm da dnf, duk wata shida take sabuntawa. Arch ta Judd Vinet, tun 2002, ba ta jiran bugu. Manhajarta pacman na kawo sabo da ɗuminsa.

Malaman Hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun binciki isnadinta. Haka APT yake duba sa hannun rumbu kafin ya girka komai, pacman da dnf kuma sukan duba sa hannun ƙunshi. Sai dai rumbun AUR na Arch kowa na iya zubawa a ciki, don haka nauyin bincike yana wuyan mai ɗauka.

Sa hannu kaɗai kuma bai wadatar ba. A watan Maris na 2024 Andres Freund ya gano wata ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa cikin manhajar xz. Wanda ya dasa ta ya shafe wajen shekara biyu yana hidima har aka amince masa. Gurɓataccen ƙunshin ya shiga Sid da reshen gwaji na Debian da reshen Rawhide na Fedora, amma cikin ikon Allah bai kai ga tabbataccen bugun Debian ba. Jinkirin da ake yi wa gori shi ya zama sanadin tsira.

Ban raina Arch ba, makaranta ce ga mai son fahimtar cikin na'ura. Amma wanda aka danƙa wa bayanan asibiti ko dukiyar jama'a, amana ce a hannunsa, to ya riƙi tabbataccen bugun Debian. Allah ne Mafi sani.