Inji na Biyu da Hisabin Mai Wadata

Malamai sun daɗe suna tattauna wata mas'ala: tsakanin mawadaci mai godiya da matalauci mai haƙuri, wa ya fi daraja a wurin Allah? Ibnul Ƙayyim ya baje ta a littafinsa Uddatus Sabirin, ya kuma kawo hukuncin malaminsa Ibnu Taimiyya, cewa wanda ya fi taƙawa a cikinsu shi ne a gaba. Mu nan Katsina, in aka ɗauko zancen a zaure bayan la'asar, yawanci talaka ake tausaya wa, a ɗauka mai hali ya riga ya haye. Tuƙin jirgin sama ya sa na daina ganin haka.

Lasisina na farko na ƙashin kai ne, wanda ba a ɗaukar fasinjan kuɗi da shi, kuma a kan ƙaramin jirgi mai inji ɗaya na same shi. Da na shirya komawa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, don koyon mai inji biyu, sai na je sallama wurin mahaifiyata a Ƙofar Ƙaura. Ta ce, "Madalla, ɗan nan, yanzu hankalina ya kwanta. In ɗaya ya mutu, ga ɗaya." Na ce, "Allah ya sa, Hajiya." Kusan kowa haka yake lissafin.

Ga yadda abin yake a cikin jirgi mai inji biyu irin Baron 58. Da zarar injin hagu ya mutu, na dama zai ci gaba da ja da dukan ƙarfinsa, sai hancin jirgin ya karkata hagu, kamar jakin da mangala ta rinjaye shi gefe guda. Dole ka danne fedar dama da ƙarfi. Ƙafar da ta zauna ba aiki, ita ke nuna maka injin da ya mutu. Duk da haka ba ka kashe shi sai ka ja totur ɗinsa baya ka tabbatar. Sannan ka juya ruwan farfelarsa ya daina tare iska, ka naɗe tayoyi, idonka a kan agogon gudu. A jikinsa akwai shuɗin layi, wanda shi ake riƙewa. Akwai jan layi, wanda in gudu ya faɗi ƙasa da shi, injin mai rai ne zai kifar da kai. Rabin ƙarfi ka rasa, amma kusan kashi 80 cikin 100 na ikon hawa sama ya tafi. A zafin bazarar Katsina, da iska ke yin sakayau, ɗan abin da ya rage ma raguwa yake yi.

Mai inji ɗaya, in nasa ya tsaya, hanyarsa guda ce: ya sunkuyar da hanci, ya nemi fili, ya sauka. Haƙuri ake nema daga gare shi, ya karɓi abin da ya zo, ya kyautata shi. Mai inji biyu kuwa zaɓi aka miƙa masa, kuma duk inda zaɓi ya shigo, hisabi na biye da shi. A Janairun 1989, kusa da Kegworth a Ingila, matuƙan wani Boeing 737 suka kashe lafiyayyen inji suka bar mai ciwon, mutum 47 suka rasu. A Fabrairun 2015 aka maimaita haka a Taipei da jirgin TransAsia, mutum 43 suka tafi. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan imaninmu ne. Amma abin da zai cece su yana manne a fiffike, lafiyarsa ƙalau.

Shi ya sa Annabi Sulaimanu, alaihis salam, da ya ga gadon sarautar Bilkisu a gabansa, bai ɗauke shi hutu ba. Suratun Namli ta nuna ya gane gwaji ne, a ga ko zai gode ko zai butulce. Godiyar kuma ba ta tsaya a baki ba. Godiyar inji na biyu ita ce ka riƙa komawa horo ko da lasisi na aljihunka, ka auna nauyin kaya ba tare da jin kunyar mai kayan ba, ka kuma faɗa da bakinka, kafin ka hau titin tashi, abin da za ka yi in ɗaya ya mutu. Ni kan haɗa wannan da addu'ar hawa abin hawa, don ban ga inda ɗaya ya ture ɗaya ba.

Duk wanda Allah ya ƙara wa wani abu a garin nan, shago na biyu a Babbar Kasuwa, ko muƙami a kan ilimi, ko 'ya'ya masu yawa, to an ƙara masa tambayoyin da ba za a yi wa maƙwabcinsa ba. Kada talaka ya yi masa hassada, kada shi ma ya saki jiki. Ya koyi riƙon abin da aka ba shi tun ranar lafiya, domin ranar da gefe guda zai sake, babu lokacin tambayar malam.