ALKAWARI KAYA NE: HUKUNCIN WANDA YA SA HANNU, SA'AN NAN YA JANYE

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu yi magana a kan wata ɗabi'a da ta yaɗu tsakanin 'yan kwangila da masu aikin wa'adi. Akwai kamfanoni waɗanda sana'arsu ita ce samo wa wasu ma'aikata, kamar injiniyoyi da magina da direbobi da ma'aikatan jinya da masana kwamfuta. Mutum ya kan je wurinsu, a yi ciniki, a yanke lada da ranar fara aiki, ya sa hannu a takarda. Kafin ranar ta zo sai wani ya taya shi da abin da ya fi na farko tsoka, sai ya kashe waya, ko ya ƙago uzuri, ya bar mutane da cizon yatsa. In an yi masa magana ya ce ai neman halali ya ke yi, kuma ai ko ƙusa ɗaya bai buga ba tukuna. To, mene ne matsayin wannan a Shari'a?

Allah Ta'ala ya buɗe Suratul Ma'ida da umartar muminai su cika abin da suka ƙulla, kuma malaman tafsiri sun ce wannan ya haɗa har da ciniki da haya da ƙwadago. A Suratul Isra'i, aya ta 34, ya sanar da mu cewa za a tambayi bawa game da alkawarinsa. Amma ayoyin da suka fi dacewa da wannan mas'ala su ne na 91 da 92 a Suratun Nahli. A nan Allah ya hana warware rantsuwa bayan an ƙarfafa ta, ya kuma buga misali da macen da ta sha wahalar kaɗi, zarenta ya yi ƙarfi, sa'an nan ta zauna ta warware shi sili-sili. Ya ambaci dalilin da ke sa mutane yin haka, watau ganin wata jama'a ta fi wata yawa da wadata. An karɓo daga Mujahid cewa Larabawa sun kasance su kan ƙulla ƙawance da wata ƙabila, in suka ga wadda ta fi ta yawa da ƙarfi sai su watsar da ta farko su koma wa ta biyu. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da ɗan kwangilar yau ya ke yi, sai dai shi naira ya ke ƙirgawa, su kuwa mayaƙa. Ayar ta ƙara da cewa da wannan ne Allah ya ke jarraba mutane, domin ba a sanin mai cika alkawari sai ran da saɓawa ta fi riba.

Mu dubi abin da ya faru gab da yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira. Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa suna kan hanyarsu ta zuwa Madina sai Ƙuraishawa suka tare su, ba su sake su ba sai da suka ɗauki alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Da suka iso suka ba shi labari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce su da su koma, a cika wa Ƙuraishawa alkawarinsu, a nemi taimakon Allah a kansu. Imam Muslim ne ya ruwaito. Ku tuna a ran nan Musulmi ɗari uku ne da 'yan kai, abokan gaba kuwa wajen dubu, ana bukatar kowane takobi. In har an cika wa maƙiyi alkawari a irin wannan ƙunci, ina hujjar wanda ya saɓa wa abokin hulɗa domin ƙarin albashi?

Ta wajen fiƙihu, ɗaukar mutum aiki a kan lada sananne da lokaci sananne sunansa ijara. A mazhabar Malikiyya, wadda mu ke bi a ƙasashen nan, ijara tana lizimtar ɓangarorin biyu tun daga sa'ad da aka ƙulla ta, ko da ba a fara aikin ba. Saboda haka cewa "ban fara ba tukuna" ba ta kuɓutar da kowa. Haka nan wakilci, ko da ya ke asalinsa kowa na iya fita daga cikinsa, in aka yanka masa lada da wa'adi ya ɗauki hukuncin ijara. Wanda ya karɓi kafin alƙalami kuwa, nasa nauyin ya fi, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da ya sha bamban shi ne ji'ala, kamar a ce wanda ya samo mini raƙumina da ya ɓace yana da kaza. A nan mai aiki yana da damar bari, sai dai ba shi da lada sai ya kammala.

Kada kuma a ce ai kamfani ne, ba mutum ba. Bayan kamfanin akwai mutane. Shi ma ya ɗaukar wa mai aikin alkawarin kawo ma'aikaci ran kaza, ya sallami sauran masu nema, watakila ya kashe kuɗin takardu da na mota. Wanda aka bari saboda an zaɓe ka ya rasa abincinsa, ginin mutane ya tsaya, ko asibiti ya kwana babu mai duba marasa lafiya. Shari'a kuwa ta hana cuta da cutarwa.

Mai zuwa da tayi na biyu shi ma yana da nasa kason na laifi, in dai ya san an riga an ƙulla da wani. Hadisi ya inganta a Buhari da Muslim wanda ya hana mutum yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, malamai kuwa sun shigar da ijara cikin wannan hani, tun da ita ma sayar da amfani ce.

To, shin babu mafita ke nan? Akwai. Ta farko, kafin ka sa hannu kana da 'yancin jin tayin kowa, ka yi shawara, ka yi istihara. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ta biyu, in takardar ta tanadi hanyar fita, kamar ba da sanarwar wata guda, wanda ya bi ta bai ci amanar kowa ba, domin sharaɗin da aka yarda da shi ne. Ta uku ita ce iƙala, watau ka je ka faɗi gaskiya, ka roƙi a warware bisa yardar juna, in da hali ka kawo wanda zai maye gurbinka, ka mayar da abin da ka karɓa. Abu Dawuda ya ruwaito busharar cewa Allah zai yafe tuntuɓen wanda ya amince wa Musulmi da irin wannan warwarewa, don haka ya kamata masu kamfani su riƙa sassautawa. Amma in sun ƙi, hakkinsu ne, sai ka daure ka cika. Ta huɗu, uzuri na gaskiya, kamar ciwon da ya hana aiki, ko ya bayyana aikin haramun ne.

Game da tarar da a kan rubuta a kan wanda ya janye, Buhari ya kawo hukuncin Alƙali Shuraihu a kan wani da ya sa mai raƙuman haya ya yi shiri, ya ce in bai fita ran kaza ba zai biya shi dirhami 100, sai kuwa bai fita ba. Shuraihu ya lizimta masa biya, domin shi ya ɗora wa kansa ba tare da tilas ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta halatta irin wannan sharaɗi a kwangilar aiki, muddin an yi hasara ta haƙiƙa, kuma babu uzurin da ya fi ƙarfin mutum.

Su ma kamfanonin su ji tsoron Allah. Wanda ya ɓoye wa ma'aikaci gaskiyar aikin, ko ya rage ladan da aka yanka, ko ya riƙe masa albashi wata da watanni, shi ne ya fara warware zaren, kuma ma'aikaci yana da hakkin kai ƙara da neman a raba. Cikin mutum uku da hadisin Buhari ya ce Allah da kansa zai yi husuma da su ran Alƙiyama, akwai wanda ya yi alkawari da sunan Allah ya yaudara, akwai kuma wanda ya sa ɗan ƙwadago aiki, ya gama masa, ya hana shi ladansa.

Daga ƙarshe, mu tuna Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda ya yi jinga da dattijon Madyana a kan shekara 8, in ya so ya cika 10, Ibn Abbas kuwa ya ce mafi tsawon ya cika. Arziki na Allah ne, abin da aka rubuta maka ba zai wuce ka ba don ka tsaya a kan maganarka. Kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne, kuma wanda aka sani da janyewa, wata rana zai nemi mai yarda da sa hannunsa ya rasa.

Allah ya sa mu cikin masu kiyaye amana da alkawari, ya wadata mu da halalinsa, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.