Haƙƙin Bishiyar da Ba Ta Ciyar da Kowa

A tsibirin Rodrigues, can cikin Tekun Indiya gabas da Morishas, akwai wata 'yar bishiya mai fararen furanni da mutanen wurin ke kira café marron. An daɗe da fidda rai da ita, har wajen 1980, lokacin da wani malamin makaranta ya nuna wa ɗalibansa tsohon zanenta, ya ce ta ƙare a duniya. Wani yaro ya ce sam, akwai irinta kusa da gidansu. Aka je aka duba, ashe gaskiyarsa ce. Ita kaɗai ta rage.

Da labari ya bazu, sai aka ce ai tana magani. Masu neman waraka suka far mata, wannan ya karya reshe, wancan ya sassaƙe ɓawo, kamar yadda ake yi wa maɗaci a ƙasar Hausa har ya bushe a tsaye. Sai da aka kewaye ta da shinge, aka ƙara wani a bayansa.

A 1986 aka kai rassanta lambun Kew a Landan. Ɗaya ya kama, ya yi ta fure shekara da shekaru amma babu iri, sai a 2003 wani mai rainon tsirrai, Carlos Magdalena, ya samo dabarar da ta sa ta yi 'ya'ya.

To me ya sa za a sha wannan wahala a kan abin da ba a ci, ba a sayarwa? Wasu kan ce wataƙila gobe a gano amfaninta. Hujjar nan tana da rauni, domin zaton amfanin ne ya kusa kashe ta. Abin da ya fi ƙarfi shi ne koyarwar Musulunci cewa kowace halitta tana tasbihi ga Mahaliccinta, kuma ɗan Adam wakili ne da aka ba amana, ba mai dukiya ba. In haka ne, bishiyar ba ta bukatar ta biya kowa kafin a bar ta ta rayu.

Yau ƙungiyar Mauritian Wildlife Foundation tana rainon itatuwan asalin tsibirin a gandun dashenta, tana dasa su a dajin Grande Montagne bayan an tuge baƙin itatuwan da suka mamaye shi. Jikokin waccan bishiya suna cikin waɗanda aka mayar gida.