Gafakar da Gara Ta Riga Ni Buɗewa

Ranar da na sauke gafakar mahaifina, shekara bakwai bayan rasuwarsa, gara ta riga ni. Wasiƙun ajami ne a ciki, da takardun bashi na fatake, da wata doguwar takarda mai jerin sunayen kakanninmu tun daga wanda ya fara sauke kaya a Garwa. Galibinsu sun zama gari. Ni na rataye ta a zaure da hannuna, ina cewa sai na samu sukuni. Laifi tudu ne, 'yan'uwa, kuma a kan nawa nake tsaye nake muku wannan magana.

A da, yaron Mayo-Oulo bai buƙaci ginin gwamnati ba kafin ya san asalinsa. Kowane zaure gidan tarihi ne, kowace kaka ma'ajiya ce. A bakin murhu ake gaya masa cewa Garwa da Yola ɗaki ɗaya ne kafin Turawa su ja iyaka, cewa Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841 ta zama cibiyar masarautar Fombina. Yana jin yadda Turawan Ingila suka fitar da Lamido Zubairu daga Yola a 1901, ya gwabza da Jamusawa a Garwa cikin wannan shekara, ya sake tarar su kusa da Marwa a farkon 1902. Yau jikan wannan yaro ya haddace 'yan ƙwallon Faransa har da lambar rigarsu, amma ka ambaci Zubairu sai ya ɗauka mai shago kake nufi. Mu muka yi shiru, shi kuwa ya cika kunnensa da abin da ya samu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, an yi mana wahalar tun tuni. Eldridge Mohammadou, haifaffen Garwa, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin fada-fada, yana durƙusawa gaban tsofaffi, yana rubuta abin da suka riƙe a ka game da Garwa da Rey Bouba da Marwa. Ya rasu a Maiduguri a 2004. Mutum ɗaya ya yi aikin gayya, ya bar mana rumbu cike. Mu nawa ne muka taɓa ɗaga murfinsa? A fadar Lamido ta Yola akwai gidan adana kayan tarihin Fombina. Mukan tsallaka iyaka mu sari atamfa da man fetur, mu juyo ba mu leƙa ba. Mu je Kano mu wuni a Kantin Kwari, Gidan Makama na nan kusa da fadar sarki, ba ya cikin lissafinmu.

To, bar ta nesa. Ga zane-zanen Bidzar a kan duwatsu, nan cikin Mayo-Louti, waɗanda Kamaru ta sa a 2006 cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Irin dutsen ne ake fasawa a yankin don siminti da farar ƙasa, mu kuwa muna wucewa a mota muna gyangyaɗi. 'Yan tsanan Fali masu ado da tsakiya da wuri, waɗanda maƙwabtanmu ke yi don sha'anin aure, dillalai sun kwashe tsofaffinsu zuwa Turai. Iyayenmu kan ji kunyar sayar da abin gado ko da yunwa ta matsa. Mu kuwa tasar kaka da takobin kaka, farashi kawai muke jira. Har Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa, shugaban ƙasar Kamaru na farko, yana kwance a Dakar tun 1989, kuma akwai ɗaliban da ba su san haka ba.

Na san za a ce gina gidan tarihi aikin hukuma ne, kuma gaskiya ne. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ko an gina shi gobe, me za mu zuba a ciki in mun bar wa gara rabi, mun sayar da rabi? Wayar da ke aljihunka tana ɗaukar murya. Zauna gaban gwaggonka yau da dare, ka tambaye ta daga ina aka taso, wa ya auri wa, me ya kawo mu gindin duwatsun nan. Ka sauke abin da ke rataye a zaurenku, ka kakkaɓe, ka ɗauki hotonsa. In hawan sallah ya zo, ka riƙe hannun ɗanka zuwa ƙofar fada, ka gaya masa sunan kowace sarauta da ta wuce.

Warƙa uku na tsira da su daga gafakar nan. Na kai wa wani dattijon malami ya karanta, 'yata tana rubutawa da boko. Mun samu sunan kaka na farko, da na biyu, da na uku. Na huɗun gara ta cinye shi, kuma babu sauran wanda zan tambaya.